Kaset na hannu ne ke sa kamfanonin gem juya wa na'ura baya?

MaiSal_Zariya:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai maganar da ta hana ni sukuni tun shekaranjiya. Kamar yadda wasunku suka sani, ina da ɗan sal na wasa a unguwar Zariya a nan Maraɗi, da na'urorin PlayStation: PS4 huɗu da PS3 ɗaya da na bar wa ƙananan yara. Na tara 'yan kuɗi ina so in ƙaro PS5, sai aka nuna mini iri biyu, mai cin kaset da marar wurin kaset, kuma marar wurin ta fi araha. Ina cikin lissafi sai wani abokina da ke karatu a Yamai ya ce in daina wahalar da kaina, wai kaset ya kusa ƙarewa, kuma wai mu masu sayen na hannu mu muka jawo. A cewarsa duk kaset ɗin da aka sake sayarwa, kamfanin da ya yi wasan ko tamma ba ya samu, shi ya sa kamfanoni ke janye jiki daga duk na'urar da kasuwar na hannu ta yi ƙarfi a kanta. Ni kuwa tunda na buɗe sal ɗin nan ban taɓa ɓare kaset daga leda ba, duk okaziyo ne, wato na hannu. Maganar ta tsaya mini a rai. Shin gaskiya ce? Kuma wacce kuke ganin in saya?

Bagalam_FC:
Wa alaikumus salam. Mai kaset za ka saya Malam, kada ka tsaya wata shawara. Da wane rezo za ka sauke wasa mai giga 80 a garin nan?

Injiniya_Burja:
Malam MaiSal, abokinka ya faɗi rabin gaskiya. Bari in fara da rabin da ya faɗa daidai. Kuɗin wannan sana'a ba a jikin na'ura yake ba. Sau da yawa Sony da Microsoft kan sayar da na'ura a farkon fitowarta ƙasa da abin da suka kashe wajen ƙera ta. PS3 da ta fito a 2006 kan dala 499 da 599, asara aka riƙa yi a kan kowace guda. Wasanni ne ke mayar musu da kuɗinsu. Duk kaset sabo da EA ko Konami ko Ubisoft suka buga don PlayStation, akwai kason da suke biyan Sony a kansa, in kuma ta kantin intanet aka sayi wasan, a al'ada kashi 30 cikin 100 mai na'ura ke ɗauka. To ka ga kaset ɗaya in ya zaga hannu biyar, sau ɗaya tak aka biya wanda ya yi wasan da mai na'ura. Sauran ciniki huɗun na ɗan kasuwa ne shi kaɗai.

A Amurka akwai jerin shaguna na GameStop da suka shafe shekaru ribarsu mafi tsoka daga na hannu take fitowa. Su karɓi kaset a hannunka da araha, su jera shi kusa da sabo da ɗan ragi kaɗan. Mutum ya shigo da niyyar sabo, mai shago ya nuna masa tsoho, ya fita da shi. Abin da ya riƙa ƙona wa masu buga wasa rai ke nan, musamman in ya faru a makon farko na fitowar wasa, lokacin da suke sa ran maida jarinsu.

Ƙaramin_Mokoyo:
Yaya Injiniya, dala 499 ɗin nan ta Amurka ce ko tamu ta tamma biyar? Ka yi haƙuri, ina so in fahimta ne.

Injiniya_Burja:
Ta Amurka ce ƙanena. Duk inda na ce dala a nan ita nake nufi.

Tsohon_PS1:
Ni tun zamanin da ake kifa PlayStation ta farko don ta karanta kaset nake cikin abin nan, kuma ina ce maka maganar abokinka ba ta zauna ba. Wace na'ura ce aka taɓa yi da kaset ɗinta ya yi yawo a hannun mutane kamar PS2? Na hannu, na aro, na kwafi, babu irin wanda ba a yi ba. In da na hannu na korar kamfanoni, da ita za a fara gudu. Amma ta fito a 2000, kuma har 2013 ana yi mata sabon wasan ƙwallo, FIFA 14 da PES 2014 duk sun fito a kanta. Shekara 13 ke nan. Me ya riƙe su? An sayar da ita sama da miliyan 150. Ɗan kasuwa inda taro yake nan yake baza kayansa.

Ku dubi Wii U ta Nintendo kuma. Ta fito a ƙarshen 2012, kafin shekara ta zagayo EA ta ce ba ta da wasan da take yi mata. Ba na hannu ne ya jawo ba, na'urar ce ba ta shiga gidaje ba, duka-duka miliyan 13 da ɗoriya aka sayar har aka daina yin ta.

Xbox_Sabongari:
Baba Tsohon_PS1 ya yi gaskiya a kan yawan na'ura, amma kada mu ce na hannu bai taɓa girgiza su ba. Ku tuna 2013. Microsoft ta fito da tsarin Xbox One inda kaset zai ɗaure da akawun ɗinka, sai ta shagunan da aka amince da su za ka iya sayar da shi, masu buga wasa kuma suna da ikon hana sayarwar, sannan na'urar sai ta leƙa intanet kowace awa 24 ko ta daina buɗe wasa. Wa aka yi wa wannan tsarin in ba masu kukan na hannu ba? Lissafin a fili yake: in na toshe ƙofar da ke damun kamfanoni, za su fi karkata gare ni.

Sai ga Sony a taron E3 na watan Yuni ta ce PS4 babu wani takunkumi a kan kaset, har ta yi ɗan gajeren bidiyo inda wani babban jami'inta ya miƙa wa abokin aikinsa kaset hannu da hannu, ya ce ga yadda ake ba da aro. Ga shi PS4 dala 399, Xbox One 499. Ranar 19 ga Yuni Microsoft ta janye tsarin gaba ɗaya, tun na'urar ba ta fito kasuwa ba. Ni mai son Xbox ne har gobe, amma na san tun daga nan aka bar mu a baya.

Tsohon_PS1:
To ai ka ƙarfafa maganata ɗana. Kamfanonin sun bi Xbox One da ta so ta kare su, ko sun bi PS4 da ta bar na hannu a sake? Dukansu sun yi wa PS4 wasanni, don can jama'a suka tafi. EA ma a lokacin fitowa ta yi ta ce ba ita ta roƙi a sa wannan takunkumi ba.

Xbox_Sabongari:
Haka ne Baba. Abin da nake nufi shi ne sun gwada ta ƙofar gaba an kora su, sai suka zagayo ta baya. Ina zuwa, kira ya shigo.

Ɗan_Tibiri:
Ku dai kuna ta zancen Amurka. Mu nan ƙauye wa ya san da mu? Kaset ɗin da munka saye bara, a bayan kwalinshi akwai takardar wani shago na Faransa, Micromania, da kuɗin Yuro a jiki. Ɗan Bature ya saye shi sabo, ya buga ya gaji, ya maida shago, anka tara anka zuba cikin kaya ya biyo jirgin ruwa. Kahin ya iso Tibiri ya yi shekara ukku. Kamhwanin da ya yi shi ya daɗe da cin kuɗinshi ya sha ruwa. Mi munka rage mishi?

Injiniya_Burja:
Wannan shi ne rabin da abokin MaiSal bai faɗa ba. Ɗan Baturen da Ɗan_Tibiri ya ambata, me ya sa ya yarda ya biya Yuro 70 ko 80 a ranar farko? Don ya san in ya gama zai mayar ya karɓi wani abu, ya cika ya sayi wani sabon. GameStop ta sha faɗin cewa mafi yawan kuɗin da take ba masu kawo tsoho, a kan sabbin wasanni suke kashe shi a cikin shagon. Micromania ɗin nan ma GameStop ce ta saye ta a 2008. Kamar babur ne. Ɗan kabu-kabu yana sayen sabo ne da lissafin cewa bayan shekara biyu zai sayar ya ƙara kuɗi ya canza. Ranar da aka ce babur ba ya sake sayuwa, sabon ma sai cinikinsa ya ragu ko farashinsa ya sauko. Yuro 80 fa jika 52 ne da wani abu. Mutum nawa ne za su zuba wannan a kan abin da ba za su iya sayarwa ba?

Maman_Ihsan:
Salamu alaikum. Ni ba 'yar wasa ba ce, yarana ne suka sa na shigo zauren nan don in riƙa gane abin da nake saya musu. Kawunsu ya aiko musu da PS4 daga Aljeriya. Abin da na lura da shi, kaset uku muka saya amma wasa ya fi goma da suka buga, don suna musaya da 'ya'yan maƙwabta. Wannan musayar ta sa yaran layinmu sun san juna, babba ya kula da kayan ƙarami, wanda ya karce kaset ya san zai biya. In aka ce komai ya koma cikin akawun, wannan zumuncin fa? Kuma ni gaskiya hankalina ya fi kwanciya da kaset, don ina ganin hoton da ke bayansa da lambar shekarun da aka rubuta kafin ya shiga ɗakina.

Bagalam_FC:
Hajiya kin kawo magana mai kyau. Lambar nan 3, 7, 12, 16, 18 ki riƙa dubawa, kada yara su ce miki duk ɗaya ne.

Gyara_Kasuwa:
Ni mai gyara ne a wajen Babbar Kasuwa, bari in faɗi abin da kowa ya sani ake kewayewa. PS3 da PS4 nawa ne a garin nan ke cin kaset da gaske? Da yawa fulashe ne, an cika diski da wasa talatin. To in za a yi maganar abin da ke cutar kamfani, a fara da wannan. Kaset na hannu dai an taɓa biyan kuɗinsa sau ɗaya, kuma in na sayar maka ni na rasa shi. Fulashe kuwa guda ɗaya ya zama dubu ba wanda ya rasa nasa. Haɗa su wuri ɗaya zalunci ne ga masu sayar da okaziyo. PSP, ƙaramar na'urar Sony ta riƙewa a hannu, ma ai an sha jin masu yin wasa na kukan cewa kwafi ya hana su ciniki a kanta. Wannan kam yana sa kamfani ya ja baya.

Tsohon_PS1:
Dreamcast ta Sega ma ta sha kwafi, amma ita tun kafin kwafin ya yaɗu EA ba ta yi mata wasa ko ɗaya ba, ga PS2 ta taso. A 2001 Sega ta bar ƙera na'ura. Shi ya sa nake cewa dalili ba ya zama ɗaya. Kafin nan ma a zamanin Nintendo 64, tsadar katirij da ƙarancin abin da yake ɗauka ne suka sa Square ta kai Final Fantasy VII kan PlayStation a 1997. Kamfani yana duba na'ura nawa ke hannun mutane, nawa zai kashe ya ɗora wasansa a kanta, nawa mai na'ura zai cire. Na hannu yana cikin lissafin, amma can ƙasa.

Malam_Limanci:
Assalamu alaikum. Ni abin da na sani a mu'amala, wanda ya mallaki abu ta halal yana da ikon sayar da shi ko ya ba da kyauta ko aro. Ban ga abin da zai sa mai sayen kaset na hannu ya ji nauyi a zuciyarsa ba. Batun kwafi dabam ne, malamai sun yi magana a kan haƙƙin mai aiki, kowa ya tambayi malamin da ya amince da shi. Roƙona ga masu sal, Malam MaiSal da sauransu, a riƙa kashe tele lokacin salla, kuma a kori yara masu kayan makaranta da safe.

MaiSal_Zariya:
In sha Allah Malam, wannan dokar tana manne a ƙofar sal ɗina tun ranar farko. Allah ya saka da alheri.

Ɗiyar_Maradawa:
Maganar Gyara_Kasuwa ta tuna mini finafinan Hausa. Da a kaset na bidiyo da sidi ake sayar da su, shagunan haya cike a kowace unguwa. Da turawa a waya ta zo, kasuwar sidi ta mutu, masu shiryawa suka koma YouTube da tashoshin talabijin, suka koma yin masu dogon zango. Ba su daina fim ba, hanyar karɓar kuɗi suka canza. Ina ganin na gem ma haka ne.

Xbox_Sabongari:
Na dawo. 'Yar'uwa kin riga ni faɗin abin da na so faɗi. Ga ƙofar bayan da nake nufi. A 2010 EA ta fito da abin da ta kira Online Pass: cikin kwalin sabon kaset akwai lamba mai amfani sau ɗaya, in ka sayi na hannu kana so ka buga da mutane ta intanet sai ka biya dala 10. Ubisoft da THQ da Sony kanta duk sun yi irinsa. Mutane suka ƙi jininsa, a 2013 EA ta soke. Amma kafin nan sun riga sun gano hanyar da ta fi. Ultimate Team, inda ake sayen fakitin 'yan wasa a cikin gem, ya fara a FIFA 09. A shekarar kuɗi ta 2021 EA ta bayyana cewa Ultimate Team na wasanninta ya kawo mata dala biliyan 1.62. To wanda ke samun wannan, ina ruwansa da ko kaset ɗinka sabo ne ko tsoho? Shigo dai ka sayi fakiti. Mai na hannu ma ya zama abokin ciniki.

Konami kuwa ta yar da kaset ɗin wasan ƙwallonta gaba ɗaya. A 2021 PES ya koma eFootball, kyauta ake saukewa, a ciki ake kashe kuɗi. Game Pass ya zo a 2017, ka biya duk wata ka buga, ba abin da za ka sayar. A 2020 aka fito da PS5 marar kaset kan dala 399, mai kaset 499, ga Xbox Series S 299 ita ma babu wurin kaset. PS5 Pro ta fito a 2024 kan dala 699 kuma sai ka sayi abin cin kaset ɗin dabam. Wannan ragin dala 100 da aka yi maka a 2020, sun san za su maido shi, don daga ranar shagonsu kaɗai kake da shi. Saboda haka ni amsata ga MaiSal: ba na'ura suke gudu ba, kaset ɗin suke janyewa a hankali daga kowace na'ura.

Bagalam_FC:
To ai sun yi ba da mu ba. Wasu wasannin sun haura giga 100. Forfe na intanet nawa ke nan?

Ɗan_Tibiri:
Bar ta forfe, wutar hwa? Ka kai kashi 90 wuta ta tahi.

Gyara_Kasuwa:
Wutar nan ita ce ke kawo mini rabin aikina. Jama'a ku sayi regilato, ku daina haɗa na'ura kai tsaye da gurup. Kuma ƙurar hunturu, a riƙa buɗewa ana sharewa ko sau biyu a shekara, PS4 in ta fara ƙara kamar injin niƙa to ta toshe ne. A lokacin takunkumin 2023, da aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya a watan Agusta aka rufe iyaka, na ga masu sal da yawa sun sayar da kayansu. Manet ma, wato abin da ake riƙewa a buga wasa, sai da ta yi wuyar samu, don ta Katsina da Kano kayanmu ke shigowa, ta Jibiya da Ɗan Isa.

MaiSal_Zariya:
Kada ka tuna mini. PS4 biyar gare ni kafin lokacin, ɗaya na sayar na sayi batir da faifan sola. Abin da ya riƙe ni shi ne wasannina ba sa neman intanet. In da akwai wuta, akwai ciniki.

Sura_Mobile:
Ni fa ina ganin duk kuna jayayya a kan abin da ya wuce. Ku leƙa majalisar samari da dare, kowa waya ce a hannunsa, eFootball, Free Fire, PUBG. Ba kaset, ba tele, ba manet. Nan kamfanoni suka sa ido.

Bagalam_FC:
Waya dabam, zama gaban tele mutum biyu ana ihu a bayanku dabam. Ba su haɗu ba.

Ɗalibar_Shari'a:
Ina karatun shari'a a jami'a, bari in ƙara wani ɓangare a kan tambayar farko. Kamfanonin sun gwada kotu ma. A Japan, gidan Sony da Nintendo, manyan masu buga wasa sun yi shari'a da shagunan na hannu, har a 2002 kotun ƙolin ƙasar ta yanke cewa sayar da kaset na hannu halal ne a doka. A Amurka ma akwai ƙa'idar cewa da zarar an sayar maka da kwafi na gaske, ikon mai shi a kan sake sayar da wannan kwafin ya ƙare. Amma wasan da ka saya ta intanet, a takardar yarjejeniyar da kake danna amincewa ba ka karanta ba, izinin amfani aka ba ka, ba mallaka ba. A Faransa wata ƙungiyar kare masu saye ta kai Valve mai Steam, kantin wasannin kwamfuta na intanet, ƙara, a 2019 kotu ta ce mutane na da ikon sake sayarwa, amma a 2022 kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin. Kun ga abin da suka kasa samu a kan kaset, sun same shi cikin sauƙi da suka cire kaset ɗin. Ubisoft ta rufe sabar The Crew a ƙarshen Maris 2024, har masu kaset a hannu wasan ya daina buɗe musu, don ba ya tafiya sai da intanet.

Injiniya_Burja:
Madalla da wannan bayani. Sai dai don adalci, a kwamfuta an daɗe babu na hannu, kuma Steam kan yi ragi mai yawa a lokutan gwanjonta. Wasu na ganin rashin na hannu ne ya ba da damar hakan. Ni dai ina ganin gasa ce, don a kwamfuta shaguna da yawa ne, a PS5 marar kaset kuwa ɗaya ne.

AliDanSofo_10:
Ni na sayi marar kaset bara, bari in gaya muku abin da ya same ni don wani ya kiyaye. Da yake ba ni da katin banki da zai yi aiki, sai na riƙa sayen akawun a wurin wani mutum da na samu a intanet, ya ba ka suna da lambar sirri ka sauke wasa. Wata huɗu ina bugawa lafiya. Ran nan na kunna na ga kwaɗo a kan wasannin duka uku. Ashe akawun ɗaya ya sayar wa mutane da yawa, daga baya ya canza lambar. Na kira, layi a kashe. Jika 45 suka tafi. Cinikin biri a sama na yi. Da kaset ne da yanzu yana cikin durowata.

Maman_Ihsan:
Allah ya mayar maka da alheri ɗana.

Xbox_Sabongari:
Amin. Kuma tushen matsalar shi ne Nijar ba ta cikin jerin ƙasashen da ake buɗe akawun na PlayStation da sunansu. Kowa a nan Faransa ko Amurka yake zaɓa, ya nemi katin kuɗi na can. Ku tuna rikicin Helldivers 2 a watan Mayun 2024, da aka ce sai 'yan kwamfuta sun haɗa da akawun na PlayStation, aka cire wasan daga sayarwa a ƙasashe sama da 170 da ba su da shi. A takardunsu, MaiSal ɗan Faransa ne. To yaya za a ce cinikinmu na okaziyo ya canza shawarar wani kamfani, alhali ko a lissafi ba mu fito ba?

Ɗan_Tibiri:
Abin da ni ce tun ɗazu ke nan.

Sura_Mobile:
Amma in ba mu taɓa sayen sabo ba, yaushe za su san da mu har su buɗe mana? Kowa na cewa ba a kula mu, kuma ba wanda ke biya. Afirka ta Kudu ai tana cikin jerin, don can ana saye.

Gyara_Kasuwa:
Ƙanena, wanda ke karɓar dala ashirin tamu ta nan a wasa ɗaya, wasa nawa za a buga kafin ya haɗa jika 52? Lissafa ka gani, ban da kuɗin wuta da haya da manet da ke lalacewa duk wata biyu. Ba ƙin biya ba ne. In suna son kuɗinmu su yi farashin da ya dace da aljihunmu, kuma su karɓi kuɗi ta waya.

Ɗiyar_Maradawa:
Kuma yaron da ya fara da PES na okaziyo a sal, shi ne gobe in ya samu aiki zai sayi tasa sabuwa. Yayana haka ya yi, yanzu yana Kanada yana biyan PlayStation Plus duk shekara. A sal ɗin unguwarmu ya koyi riƙe manet.

Tsohon_PS1:
MaiSal, kada ka yi gaggawar raina PS4 ɗinka ma. An sayar da ita sama da miliyan 110, shi ya sa har FC 25, magajin FIFA, ya fito a kanta a 2024, shekara 11 bayan fitowarta. PS3 sai a FIFA 19 aka sallame ta. Tarihin PS2 ne ke maimaita kansa.

Injiniya_Burja:
Ga shawarata a aikace. Mai kaset tana cin mafi yawan kaset ɗin PS4 da kake da su, ka ga jarinka bai mutu ba. In kuɗi sun gaza ka ga dole sai marar kaset, to ka tabbata sabon samfuri ne siriri na 2023 zuwa sama, shi ake iya saya masa abin cin kaset a ɗaura daga baya, amma sai an haɗa shi da intanet sau ɗaya ranar ɗaurawa. Samfurin farko na 2020 marar kaset ba ya karɓa ko kaɗan. Sannan ka lura da yankin kaset: wasan zai buɗe ko daga ina ya zo, amma ƙarin da ake saya a ciki sai akawun ɗinka ya dace da yankin kaset ɗin. Tunda yawancin namu na Turai ne, akawun na Faransa ya fi maka.

Ƙaramin_Mokoyo:
Yaya, na ji an ce Switch 2 ta Nintendo ma katinta wani ba wasa a ciki?

Injiniya_Burja:
Wasu daga ciki, e. Ta fito a Yunin 2025, kuma akwai katin da mabuɗi ne kawai, sai ka sauke wasan ta intanet, amma kana iya sayar da katin ko ka ba da aro. Masu buga wasa sun rage kuɗin katirij, kasuwar na hannu kuma ba ta mutu ba. Ga Bature sulhu ne. Gare mu kuwa ga kuɗin kati ga kuɗin forfe.

Xbox_Sabongari:
Ni har yanzu ina nan kan bakana, na'ura mai zuwa ko ta bayanta ba za ta zo da wurin kaset ba, kuma na hannu na cikin dalilan.

Tsohon_PS1:
An faɗi haka a 2009 da PSP Go ta fito babu kaset, ba ta yi kasuwa ba. Mu dai zuba ido.

Xbox_Sabongari:
Intanet ɗin 2009 ba shi ne na yau ba Baba.

Bagalam_FC:
A can ba.

MaiSal_Zariya:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Na tura wa abokin nawa duk abin da kuka rubuta, ya ce shi yana tare da Xbox_Sabongari. Ni dai zan ƙara haƙuri wata ɗaya in cika kuɗin mai kaset. Malam Gyara_Kasuwa, in na tashi zuwa Katsina zan so mu tafi tare ka duba mini ita kafin in biya, don an ce akwai waɗanda aka buɗe aka yi wa aiki.

Gyara_Kasuwa:
Ba damuwa, amma ban da Juma'a. Ka taho da kaset ɗinka ɗaya na PS4 mu gwada a gaban mai shagon, a bar ta ta yi ko rabin awa tana aiki mu ji ƙarar fankarta.

Maman_Ihsan:
In kun je don Allah ku tambayo mini kuɗin manet ta PS4 ta asali, tasu ɗaya ta fara tafiya da kanta.